Igiyar Aurena a Kan Maɓallin Mota

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ba ya sata, ba ya dukan mace, bai taɓa barin gidana babu hatsi ba. Aibinsa guda ne: in gardama ta yi zafi, ba ya rantsuwa da komai sai da aurena. Ina can gida ina daka, ban san hawa ba ban san sauka ba, sai ya laluba ya ɗauko ni ya ajiye a tsakiyar musun maza.

Igiyar farko a filin kokowa ta tafi. Ya rantse ɗan kokowar garinmu ba zai faɗi ba, in ya faɗi ya saki matarsa, kafin ya rufe baki an kai mutumin ƙasa. Ta biyu a kan sigari ce, ya ce ya bari har abada, bai kai Juma'a ba. Kowane karo sai in naɗe tabarmata in tafi gidanmu a Sabon Gida, shi kuma ya biyo ni da dattijai da goro yana sunkuyar da kai. A karo na biyu ubana ya zaunar da shi ya ce, "Ka dai san guda tar rage. In wagga ta tsinke, ko alƙali ba shi ƙulla ta, sai ta yi wani aure ta hito." Ya yi kuka ya ce ya ji. Ni ma na yarda ya ji, don a lokacin ina da saurin yarda.

A shekarun casa'in, lokacin da jam'iyyu suka cika gari da tutoci, ya sayi tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tanti, yana ɗaukar mutane daga Madawa zuwa Buza har Keita. Wurin sa makullinta ya lalace tun kafin ta zo hannunsa. Wani bakanike a Madawa ya gyara masa abin tayar da inji, wanda suke ce wa demarer, ya kuma ɗaura masa maɓalli a gefen sitiyari. Maɓallin ma ba na mota ba ne, na ƙararrawar ƙofa ne da aka cire daga wani tsohon gida a asibitin mishan, fari, da zanen 'yar ƙararrawa a kansa. Da ya danna sai mota ta yi tari sau ɗaya ta tashi.

Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane girman wannan abu ba. A lokacin da wuya ka ga motar haya a ƙasar Adar mai tashi da kanta. Kowane direba ya san gangaren kowane gari kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa, can yake ajiye mota, hanci ƙasa, da dutse a gaban taya. Inda babu gangare kuwa fasinja ne gangare. Ka biya kuɗin mota, ka tura, ka bi ta da gudu ka ɗare, in takalminka ya faɗi sai wata tafiyar. Har liman na gani ya naɗe babbar riga yana tura mota a tashar Buza.

To mijina ya samu maɓalli, sai kansa ya kumbura. Ya sallami karen motarsa, ya ce mai maɓalli me zai yi da mai sa dutse. Ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a murɗa inji da hannu, ya kai wa maƙeri ya mayar da shi lauje. Abin da ya fi ba ni haushi, ya daina ajiye mota a tudu. Duk garin da ya shiga sai ya nemi wuri mafi kwari ya tsaya, ya kashe inji, ya fito yana miƙa, don kowa ya gani.

Sauran direbobi suka ƙi shi, kuma ban ga laifinsu ba. Wata rana a tashar Madawa suka sa shi gaba, suna ce masa mota mota ce, ko ba jima ko ba daɗe sai an tura ta. Maƙwabciyata mai sayar da fura a tashar ita ta kawo mini labarin da ɗuminsa, tun bai iso gida ba. Ta ce ya bugi ƙirji ya ce, "Ranar da anka tura motar ga, na saki uwar ɗiyana!"

Wani ya ce, "In anka ja ta fa?"

"Ko ja!"

"In raƙumi yaj ja?"

"Ko raƙumi, ko jaki, ko ɗan Adam, ko da hannu ko da igiya! Motata ba ta motsi sai da ƙarfin kanta!"

Haka mugayen nan suka bi ƙofa ƙofa suna rufewa, shi yana miƙa musu sakata. Da ya dawo, miya dai ta yi ta zuwa babu gishiri har ya gane. Daga ranar, kowace safiya in ya fita wurin mota sai in tsaya da taɓarya a hannu ina saurare, kamar mai sauraron numfashin yaro mara lafiya. Sai na ji ta tashi nake ci gaba da daka.

Cikin damina ƙanwata da ke aure a Garhanga ta haihu, na shirya zuwa suna. Na zauna a gaba kusa da shi, da ƙullin kayan barka a cinyata. Baya cike yake da mutane da buhuna da kaji. Uku daga cikinsu ba zan manta da su ba: wani malami mai farin rawani da zai je Keita, da wani ma'aikacin asibitin mishan, Kirista, ɗan ƙasarmu, wanda kowa ke ce wa likita, da wani tsoho mai sayar da kanwa wanda bakinsa babu haƙori ko na magani.

Bayan Buza hanya tana sauka cikin wata ƙorama, inda aka shimfiɗa siminti a ƙasa don motoci su ƙetare. Ranar a bushe take, yashi kawai. Azahar ta yi, mutane suka ce a tsaya a yi salla. Mijina ya wuce tudun wannan gefe, bai kai na wancan ba, ya tsaya a tsakiyar cikin ƙorama ya kashe inji. Malamin ya leƙo ya ce, "Shofer, ka hau da mu sama mana. Ka ga hadari can bisa duwatsu." Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, wagga ba irin waɗanda ka saba shiga ba ta."

Aka yi salla, kowa ya hau. Ya gyara hula, ya dubi madubi, ya sa babban yatsa ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya canza hannu. Ya yi bisimilla ya danna, ya goge maɓallin da bakin riga ya danna, ya danna a hankali kamar mai lallashi, ya danna da ƙarfi har motar ta girgiza. Ko tarin nan ba ta yi ba. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Ya matsa oda, ta yi kuka lafiya lau, har wani jaki ya amsa daga tsallake. Ya ce to batir na da rai. Duk da haka ya buɗe gaba ya kankare kawunan batir da wuƙa, ya daddoke su da dutse, ya dawo ya danna. Ya ciro wani ɗan abu da ya ce wuta ta nan take bi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari. Sigari kam yana da ita a aljihu, tunda an riga an biya kuɗinta da igiyata ta biyu. Ya mayar, ya danna. Sai ya kwance maɓallin gaba ɗaya, ya haɗa wayoyin biyu baki da baki, babu ko ƙyas. Ya ɗaura shi kamar yadda yake, yana ba shi haƙuri.

Daga nan ya kwanta ƙarƙashin mota da ƙarfen kwance taya, ya ce likita ya riƙa dannawa shi yana dukan demarer. Likita na dannawa, shi yana duka, kaji na kuka. Sau ɗaya aka ji ƙas, kowa ya ce Alhamdu lillahi, likita ya ce an gode Ubangiji, sai ta koma ta yi shiru. Ya sa wani ƙarfe ya haɗa wuta kai tsaye, tartsatsi ya tashi ya babbake masa rabin gemu, wani wari ya fito kamar an ƙona ƙaho. Likita ya durƙusa ya kara kunne a jikin injin, ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce, "Maigida, da mutum na, da sai in ce a kira dangi."

Wani ƙato a baya ya diro yana cewa, "To mi muke jira? Ku taho mu tura." Ya ɗaga hannu zai dafa bayan mota. Ban taɓa ganin mijina ya yi gudu irin na ranar ba. Ya fito daga ƙarƙashi, yashi a ido, gemu na hayaƙi, ya tare bayan motar da ƙarfe a hannu yana ihu: "Kak ka taɓa! Wanda dut yat taɓa ta, ni da shi!"

Aka yi cirko-cirko. Dole ya faɗi dalili, yana faɗa yana kallon ƙasa. Da ya gama wata mata mai goyo ta ce, "To ina matar take?" Ya nuna gaba da haɓa. Mutanen motar nan kaf suka zagayo suka tsaya suna kallona ta taga. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kunya da haushi suna kokowa a ƙirjina.

Malamin ya shimfiɗa buzunsa a yashi ya zauna, ya ce a maimaita masa rantsuwar kalma kalma. Mijina ya maimaita. Malam ya tambaya igiyar aure nawa ta rage, aka ce ɗaya, ya ce, "Subhanallahi," ya gyara zama kamar wanda aka kawo wa tuwo. Nan kowa ya zama lauya. Wani ya ce a ɗaga tayar baya da jak, a naɗa mata igiya a fizga, ya ga an yi haka a Agadas mota ta tashi. Malam ya ce igiya tana cikin rantsuwa, da sunanta. Wani ya ce mata su tura, Malam ya ce mata ma 'ya'yan Adam ne. Ƙaton nan ya ce to likita ya tura shi kaɗai, tunda shi Kirista ne, rantsuwarmu ba ta hau kansa ba. Likita ya ce shi bai ƙi ba, amma ya kamata a sani shi ma mutum ne. Malam ya ce wannan gaskiya ne, babu saɓani a kai.

Suna cikin wannan sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa a gefena. Tsohon nan ne mai kanwa, da ɓarin goro a tafin hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida da ɗiya, sannan ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ba don komi ba, in abin ga ya auku, kak ki damu. Matata ta rasu bara. Rumbuna biyu, ga jaki. Ni ba ni da wuyar abinci, kunu ma ya ishe ni. In auren kisan wuta a kai, in yi don Allah. In kuwa mun saba, shi ke nan."

Na ce, "Baba, ka ja goronka tun ban manta da furfurarka ba." Ya ce babu komai, ba gaggawa yake ba, ya koma gefe ya tsuguna inda zan riƙa ganinsa.

Mai goyon nan kuma ta matso ta ce, "Ke ko, ki yahe mishi mana mu tahi, ɗana na jin yunwa." Nan na fashe. Na buɗe ƙofa na fito na ce, "In yahe mi? Ni nay yi rantsuwa? Da za shi rantse ya tambaye ni? Ku duka kuna ta shawara bisa aurena kamar kuna rabon naman watanda, akwai wanda yac ce mini ke mi kika gani?" Mijina yana cikin mota a lokacin, yana ta danna maɓalli, ina jin ƙarar ɗan robar nan tik, tik, tik.

Sai iska ta juya, mai sanyi, da ƙamshin ƙasa. Inda muke ko ɗigo bai sauka ba, amma duk ɗan Adar ya san ba sai an yi ruwa a kanka ƙorama take cika ba. In ya zuba a duwatsu, nan yake biyowa. Wani makiyayi ya ɓullo a bakin gaɓa yana kaɗa sanda yana kururuwa: "Ku hita! Ruwa na nan tahe!"

Malam ya naɗe buzu, shari'a ta tashi. Aka shiga jidar kaya, buhuna da kaji da yara, ana hawa tudu da su. Kafin a gama mun fara jin ƙugin daga nesa, kamar ana jan turame a kan dutse. Mazan suka dawo da gudu suka jera a bayan mota, hannuwa a sama, tsakaninsu da ƙarfen bai fi taƙi ba. Sun isa su fitar da ita, simintin ba shi da tsawo. Ƙaton ya ce, "Shofer, kalma guda muke jira!"

Ina tsaye a gefe da ƙullina. Zan faɗi gaskiya, ni ma zuciyata biyu take. Motar nan ita ce tuwon 'ya'yanmu, ita ce rigarsu ta salla, bayanta ba mu da ko akuya. Amma na riga na ƙudurta, wannan karo shi zai yi magana, kuma ina so in ji da kunnena.

Ya fito daga mota. Ya dubi motar. Ya dube ni. Ya sake duban motar, ya zagaya bayanta yana kallon ƙasa, ya dawo ya dube ni daga kallabi har takalmi, kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Tsohon mai kanwa ya miƙe tsaye yana gyara hula. Ƙugin ruwa ya cika kunne, har mun hango kansa ya karyo kwana, ja wur, yana tura karmami a gaba. Mijina ya zura hannu ta taga ya danna maɓallin sau ɗaya, ya jira. Sannan ya ce, "Ku sauke hannuwanku. Ku hau."

Ƙaton ya ce, "Motar fa?"

"Na ce ku hau!"

Ya zo ya fizge ƙullin daga hannuna ya aza a kansa, shi da ko butarsa ba ya ɗauka in ina wurin, ya ce, "Ke, wuce gaba." Muka hau tudu da gudu. Muna juyowa ruwan ya iso. Ya fara da lasar tayoyi, ya shiga ta ƙofar da aka bari buɗe, sai muka ga motar ta ɗaga a hankali, ta juya hanci kudu, ta sauka daga siminti ta bi ƙorama, tanti na kaɗawa. Tun da ya saye ta ban taɓa ganin ta yi gudu irin na ranar ba. Malam ya ɗaga murya ya ce kowa ya shaida, babu hannun da ya taɓa ta, aure yana nan. Likita ya ce shi ma ya shaida. Mai kanwa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya jefa goron a bakinsa yana mamula.

Mijina ya ajiye ƙullin ya zauna a kan dutse, ya bi ta da ido har ta ɓace a bayan itatuwa. Mutane suka yi ta yi masa jaje kamar an yi mutuwa, sannan suka ja gefe suna neman inda za su fake, don yayyafi ya fara. Ni dai murna nake, murna mai yawa, har ina jin kunyar kaina, ga abincin 'ya'yana ya bi ruwa ni ina murna. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na je na tsaya a kansa na ce, "Maigida, na gode. Amma ka gaya mini, da kat tsaya kana dubana kana duban ta, har da zagayawa, mi kake dubawa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tayun baya sababbi na."

Na buɗe baki zan zage shi, zagin da na tara tun daga filin kokowa. Sai idona ya sauka a kan hannunsa na dama da ya ɗora a gwiwa. Babban yatsan ya kumbura, farcen ya tsage har tsakiya, jini ya bi tafin hannun ya bushe, shi bai ma san da shi ba. Tun azahar yake danna abin nan don kada a kai ga sa shi ya zaɓa tsakanina da motar. Na haɗiye zagin, na yagi bakin kallabina, na tsuguna a gabansa na ce ya miƙo hannun. Ya miƙo, ina ɗaurewa yana kuka, ruwan sama na dukanmu.